Mani da Koyarwar Haske da Duhu

Dare na bin rana, wata na cika yana raguwa. Tun zamanin dā akwai waɗanda suka dubi wannan kai da kawowa suka ce duniya tana hannun iko biyu ne masu ja-in-ja. Babba daga cikinsu shi ne Mani, wanda aka haifa a shekara ta 216 a ƙasar da ake kira Iraƙi yau.

Mani ya koyar cewa tun fil'azal akwai mulki biyu, Haske da Duhu, ba wanda ya halicci wani. Duhu ya kai wa Haske hari, suka gauraya, daga nan aka yi duniya. Ran mutum haske ne da aka kulle cikin jiki. Wata kuwa jirgi ne mai kwasar hasken da ya kuɓuta. In ya cika sai ya juye wa rana kayansa, ya rame, ya koma ɗauko wani.

Sarki Bahram na Farisa ya jefa Mani a kurkuku, ya mutu a can tsakanin 274 da 277. Duk da haka koyarwarsa ta bazu har ƙasar Sin, ta kuma shiga Afirka ta Arewa. A nan ta kama wani saurayi mai suna Agustin, haifaffen Aljeriya ta yau, ya bi ta shekara tara. Daga baya ya shaida abin da ya ja shi: in mugunta wani iko ne dabam a cikin mutum, to mai zunubi ba shi da laifi.

An yi wa Agustin baftisma a Milan a 387. A 392 ya yi muhawara da Fortunatus, malamin mabiyan Mani, a birnin Hippo. Tambayarsa ita ce: Duhu yana iya cutar da Allah? In yana iya, Allah ba mai iko duka ba ne. In ba ya iya, me ya sa Allah ya bar haskensa cikin wahala? Fortunatus ya kāsa amsawa, ya bar garin.

Agustin ya ce mugunta lalacewar nagarta ce, kamar ciwo a jiki mai lafiya. Saboda haka laifi na mai shi ne, ƙofar tuba kuma a buɗe take gare shi.