Rigar Yekini da Gwanjo Biyu

Kalmar gwanjo fuska biyu gare ta a Hausa. Akwai gwanjon da ake kiran farashi, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Akwai kuma gwanjon tsofaffin tufafi, irin wanda ake kwance dilarsa a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha. A watan Mayu na 2022 ma'anonin biyu suka haɗu a kan riga guda, lokacin da gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shuɗiyar rigar da Diego Maradona ya sa ranar da Ajantina ta doke Ingila a 1986. An biya fam miliyan 7.1.

Yadin rigar bai taka kara ya karya ba. A gurguje aka sayo rigunan a wani kanti a birnin Meziko, aka ɗinka musu tambari, aka manna lamba. Bayan tashi daga wasa Maradona ya yi musayar riga da Steve Hodge na Ingila, wanda ya ajiye ta shekara talatin da shida. Da za a sayar, sai 'yar Maradona ta ce ai wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda mahaifinta ya ci ƙwallayen nan biyu da ita ba. Sotheby's ya kare kansa da hoto: ƙwararru sun gwada ɗinki da saƙar rigar da hotunan bayan hutu, suka ce ita ce. Wannan shaida aka saya, rigar rakiya kawai ta yi.

Masu tara rigunan hoki na ƙanƙara a Kanada da Amurka sun fi kowa sanin wannan sana'a, domin wasansu na barin tabo. Sanda tana goge riga, faifan robar da suke bugawa yana barin baƙin zane, mai kula da kaya yana toshe yagewa da zare. Abin da matar gida za ta kira lalacewa, shi mai saye yake nema da tabarau, don kowane tabo ana iya gano shi a hoton wani wasa. Rigar da Paul Henderson ya ci Tarayyar Sobiyet da ita a Mosko a 1972 ta haura dala miliyan ɗaya a 2010, ta Wayne Gretzky ta ƙarshe a Edmonton kuma ta kai kusan miliyan ɗaya da rabi a 2022.

To, a dawo gida, a tsallaka kogin Kaduna zuwa kudu. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta biyo baya a 1964, ga kuma Arewa Textiles. Dubban ma'aikata daga kowace kusurwar ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, kuma inda ma'aikata suka taru ƙwallo ba ya rasa gurbi. Kamfanoni suka kafa ƙungiyoyi. Masana'antar kayan yaƙi ta Kakuri ta haifi DIC Bees, wadda daga baya ta zama Ranchers Bees, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofuna na Afirka a 1988; nan Daniel Amokachi ya fara fitowa. A ƙungiyar UNTL kuwa, a farkon shekarun 1980, wani dogon saurayi haifaffen Kaduna ya soma buga wasa kafin Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Rashidi Yekini ke nan, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, mai ƙwallo 37 a rigar Najeriya.

A kasuwar da na bayyana, rigar farko ta irin wannan ɗan wasa dukiya ce. Sai dai tsarin ƙwallonmu na wancan zamani bai ba riga damar zama tarihi ba. Riga kayan ƙungiya ce, a sa yau, a wanke, a sa mako mai zuwa, ba sunan kowa a bayanta, lamba tara ta wanda ya tsaya a gaba ce ranar. In ta tsufa ta koma wajen atisaye, daga nan ta faɗa hannun ƙane ko yaron unguwa. Ban ga laifin kowa a nan ba. Mai riga ɗaya ba ya ajiye ta don jikoki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, garin da ya yi suna da saƙa, ya tufatar da rabin Afirka ta Yamma da atamfa, masaƙunsa sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, kuma ƙungiyar ma'aikata ba ta rayuwa bayan kamfaninta.

A ce yau wani dattijo a Kakuri ya buɗe akwati ya fito da riga ya ce Yekini ya sa ta. Mai saye zai tambayi wasan, da ranar, da hoton. Amsar, in akwai, tana cikin tsofaffin shafukan wasanni na jaridar New Nigerian, ko a kundin hotunan wani tsohon ma'aikacin masaƙa. Ba tare da ita ba, rigar ta gwanjo na biyu ce, farashinta na dila.

Yekini ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Hotonsa riƙe da raga a Dallas, bayan ya ci Bulgeriya ƙwallon Najeriya ta farko a Kofin Duniya a 1994, kowa ya san shi, kuma rigar wannan rana tana da dubban hotunan da za su tsaya mata. Ta UNTL kuwa sai bakin waɗanda suka buga tare da shi, kuma yawancinsu yanzu sun ba sittin baya.