Tarihin Dokokin Tantancewa da Adana Takardun Shugabanni

Gabatarwa

Duk wanda ya riƙe mulki, ko sarki ne ko gwamna ko shugaban ƙasa, yakan bar tarin takardu a bayansa, kamar wasiƙu da umarce-umarce da bayanan tarurruka da rahotannin da aka kawo masa. Ba zai yiwu a ajiye su duka ba, domin babu ma'ajiyar da za ta ɗauke su. Saboda haka dole a tantance, a ware waɗanda za su amfani 'yan baya a adana su, a zubar da sauran. Manufata a wannan maƙala ita ce in bibiyi tarihin dokokin da aka kafa a kan wannan aiki. A nawa ganin, jigon al'amarin shi ne wanda ke da ikon tantancewar, domin duk lokacin da aka bar wannan iko a hannun mai barin gado, tarihi ne ke yin asara.

Kafin Zuwan Doka

A Daular Sakkwato, waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai-kawo tsakanin Sarkin Musulmi da sauran sarakuna, tun daga zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, kuma a gidan waziri ake ajiye su. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a shekarar 1903, sun sami wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Waɗanda suka rage a hannun zuriyar kuwa, marigayi Waziri Junaidu ya kula da su, kuma sun taimaka ƙwarai wa Murray Last a littafinsa na tarihin daular wanda ya fito a 1967. Abin lura a nan shi ne riƙon amanar gida guda ne ya tsare waɗannan takardu. Da gidan ya yi sakaci, babu wata doka da za ta tambaye shi.

Dokar 1957 da Tafiyar Turawa

Dokta Kenneth Dike ne ya zagaya ofisoshin gwamnati tsakanin 1951 da 1953 yana binciken halin da tsofaffin takardu ke ciki, ya tarar gara da danshi da rashin kula suna cinye su. Rahotonsa ne ya sa aka buɗe ofishin adana takardun gwamnati a Ibadan a 1954, aka kuma kafa dokar farko a kansa a 1957. Daga baya aka sami rassa a Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna ne aka tara fayilolin lardunan Arewa da na Sakataren Lardunan Arewa, waɗanda har yau su ne madogarar masu nazarin zamanin mulkin En'e.

Sai dai wannan doka ba ta hana Turawa yin tasu tantancewar ba yayin da suke shirin tafiya. A ƙasashe da dama da suka mulka, sun ƙona wasu fayiloli, suka kwashe wasu zuwa Ingila a asirce, musamman waɗanda suke ganin za su kunyata gwamnatinsu. Sai a 2011, sakamakon ƙarar da wasu dattawan Kenya suka shigar kan azabar da aka gana masu a zamanin Mau Mau, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da fayiloli kimanin 8,800 na ƙasashe 37 a wani wuri mai suna Hanslope Park, ciki har da na Nijeriya. Waɗanda aka ƙona kam, sun tafi ke nan.

Darasi Daga Amurka

Na kawo misalin Amurka ne domin a can ne aka fi warware wannan matsala a gaban majalisa da kotu. Tun daga George Washington, shugabannin ƙasar suna ɗaukar takardun ofis a matsayin dukiyarsu, su tafi da su gida. Da Richard Nixon ya yi murabus a watan Agusta na 1974 saboda badaƙalar Watergate, ya ƙulla yarjejeniya da wani babban jami'in gwamnati wadda ta ba shi damar sa a lalata kaset-kaset na hirarrakin da aka naɗa a ofishinsa bayan shekara biyar. Majalisar Dokoki ta yi sauri ta kafa doka a watan Disamba na wannan shekara, ta ƙwace takardun da kaset-kaset ɗin. Nixon ya kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1977.

A 1978 aka kafa doka ta gaba ɗaya, wadda ta fara aiki a 1981 da gwamnatin Ronald Reagan. Dokar ta ce takardun aikin shugaban ƙasa mallakar ƙasa ne, ta kuma bambanta su da na ƙashin kansa, kamar littafin da yake rubuta al'amuran rayuwarsa. Ta hana shi zubar da takardar aiki sai ya nemi ra'ayin shugaban ma'adanar ƙasa a rubuce. Ranar da ya sauka, takardun su koma hannun ma'adanar, bayan shekara biyar jama'a su iya neman ganinsu, ko da yake yana iya rufe wasu har shekara 12.

Dokar 1992 da Hurumin Jihohi

A Nijeriya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta maye gurbin dokar 1957 da dokar soja mai lamba 30 ta 1992. Wannan doka ta hana lalata takardun gwamnati ba tare da amincewar Daraktan ma'adanar ƙasa ba, ta kuma tanadi buɗe su ga masu bincike idan sun kai shekara 25. Wannan ci gaba ne babba. To amma a fahimtata, maganar ofisoshin gwamnati ta yi a dunƙule, alhali ofishin shugaba ya bambanta da sauran. A can ne takardar aiki da ta siyasa da ta iyali suke cakuɗuwa a kan tebur ɗaya, kuma babu ma'aikacin da zai iya tare motar maigida ranar da yake kwashe kayansa.

Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar adana takardun gwamnati cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai, ya ba majalisar kowace jiha ikon yin doka a kan takardun gwamnatinta. Ke nan ƙofa a buɗe take.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin duk dokar da jiha za ta yi tana buƙatar abubuwa huɗu. Na farko, ta bayyana ƙarara cewa takardun aikin gwamna da mataimakinsa na jama'a ne, har da saƙonnin waya da na kwamfuta. Na biyu, ta damƙa tantancewa ga ƙwararrun ma'aikatan adana takardu da masana tarihi, a fara tun gwamna yana kan kujera. Na uku, ta sa ranar miƙa takardun ta zama ranar miƙa mulki. Na huɗu, ta ƙayyade shekarun da za a rufe na sirri da ranar buɗe su. Wannan kariya ce ga shi kansa shugaban, domin wanda ya yi aikin ƙwarai takardunsa ne za su yi masa shaida a lokacin da babu sauran waɗanda suka gani da idonsu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe wannan amana, amin.