ÀRÀHĀ

àràhā (k.s. ƙasa-ƙasa-sama; wasalin ƙarshe dogo) *sn., mc.*, ba jam. Ana kuma cewa àrhā. Asali: Lar.

1. Sauƙin kuɗin kaya; farashin da bai kai yadda aka saba ba. *Atamfa ta yi ~ a Kantin Kwari. Bayan Sallah takalma da gyale sukan yi ~, don 'yan kasuwa na son kwashe ragowar kaya.*

2. Kayan da aka karyar da farashinsu, musamman tufafi, jakunkuna, sarƙa da 'yan kunne. *Ta yi sammako zuwa kasuwar Ƙofar Wambai neman ~, kafin a tsince masu kyau daga dilar gwanjo. Duba ɗinki da zif tukuna, kada ~ ta ruɗe ki, Yaya.*

3. Yawan abu har ya samu ba wahala. *Mangwaro ya yi ~ bana.*

4. Zubewar daraja. *Ran talaka ya yi ~.*

*K.m.:* ~ ba ta ado.

*Haɗi:* mai ~ (jam. masu ~), ~r banza, farashin da ya faɗi warwas.

*Kish.:* tsada. *Dubi:* rangwame, gwanjo, tayi, ɓagas.