Allo da Alli: Ajin Ƙauye a Ƙasar Hunkuyi Bayan 1976

Tun kafin boko, makarantar allo yaron ƙasar Hunkuyi ya sani: malam ya biya, almajiri ya maimaita har ya haddace, sa'an nan ya wanke allonsa. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta, watau UPE, a watan Satumba na 1976, yara suka cika azuzuwa fiye da zato, ga ƙarancin ƙwararrun malamai da littattafai. Sai ajin ƙauye ya jingina ga abin da aka gada, watau biyawa da amsawa baki ɗaya. Manufar ilmi ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen gida a azuzuwan farko. Amma harshe kaɗai bai wadatar ba, muddin hadda ta rinjayi fahimta.