Kiɗan da Ya Rasa Ubangida: Waiwaye kan Masu Jita na Arewa da Nijar

Ƙasar Zuru ƙasar soja ce. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin Dakarkari da maƙwabtansu aikin soja, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka ƙara kwasar wasu daga Dabai da Danko da Fakai da Wasagu, har da nan Sakaba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 ba kowa aka sallama ba. Da yawansu sun ci gaba da zama a barikokin Inugu da Fatakwal da Legas, in sun samu hutu su zo gida da akwatin ƙarfe da rediyo da fayafayan garmaho. Wanda ya taɓa buɗe tsohon akwatin wani ɗan fansho a Dirin Daji ko cikin garin Zuru zai iya cin karo da irin faifan nan, baƙi, zafi ya lanƙwasa shi, gara ta ci kwalinsa. A jikin kwalin akwai hoton samari uku ko huɗu da tulin suma, da wando mai faɗin ƙafa, da takalmi mai tudu, kowa ya rataya jita. Ka tambayi jikokin mai akwatin su wane ne waɗannan, babu mai ba ka amsa.

Kiɗan da ke cikin faifan shi Turawa ke kira rok. Asalinsa na baƙaƙen fatar Amurka ne, a shekarun 1950 ya yi suna, samarin Ingila irin su Beatles da Rolling Stones suka ɗauka suka baza shi duniya. Jita mai lantarki ce uwar tafiya, sai jitar da ke riƙe ƙasan kiɗa, sai ganguna. A Najeriya kafin yaƙi kiɗan hayilayif ke mulki, da kakakinsa na Turawa da 'yan rawa cikin kwat. Yaƙi ya tarwatsa wannan duniyar, domin manyan makaɗanta da yawa 'yan Gabas ne. Samarin da suka fito daga yaƙin kunnensu na wajen Jimi Hendrix da Santana da James Brown, wanda ya zo Legas ya yi wasa a ƙarshen 1970.

A nan sojanmu ya shigo labarin. Bayan yaƙi Gabas ba kuɗi, mai albashi a hannu shi ne soja. Hafsoshi ne suka riƙa sayen kayan kiɗa suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, ƙananan sojoji kuma su ne ke cika wuraren rawa. Haka ƙungiyoyi irin su Funkees da Hykkers da Wings da Strangers suka samu abin tsayawa. A Legas kuwa Ginger Baker, mai gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, ya zo ya zauna har ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. Daga cikin samarin da ya yi yawo da su ne aka samu BLO da MonoMono ta Joni Haastrup. Ɗaliban makarantar St. Gregory's da ke Obalende suka kafa Ofege tun ba su gama sakandare ba, Odion Iruoje na kamfanin EMI ya ɗauki faifansu, ya sayu kamar me. A 1973 Paul McCartney da kansa ya zo Legas ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run a ɗakin EMI. Da kuɗin Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, sai kowane malamin ofis ya sayi na'urar sa faifai da manyan lasifika biyu ya girke a falo.

Masu ba da wannan tarihi kan tsaya a Legas da Aba, kamar dai jita ba ta taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Ta ƙetare. Kaduna da Jos da Zariya da Sabon Garin Kano duk suna da otal-otal da kulob-kulob inda ake kiɗa kai tsaye daren Asabar. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo, a Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa ƙungiyar Unibello Brothers yana ɗalibi, kafin ya zo ya kafa Groovies, kuma muryarsa ce ke buɗe wasan talabijin ɗin nan Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos. Akwai Elcados, ƙungiyar rok da ta yi zamanta a Arewa, EMI ta fitar mata da fayafayai, tana waƙa da Turanci tana sako Hausa. Sai kuma Bala Miller, wanda asalin gidansu Zariya ne. Nasa kiɗan ya fi karkata ga hayilayif, amma duk mai neman inda Hausa ta fara zama daram a kan jita da kakakin Turawa, dole ya bi ta Costain Club a Kaduna. Ya tara samari ya koya musu kiɗa, ya kafa Great Pyramids of Africa, ya yi shiri mai sunansa a talabijin. Ya rasu a 2003. A ganina da a wata ƙasa ce, da yanzu akwai makarantar kiɗa mai sunansa.

To me ya sa waɗannan mutane suka ɓace daga bakin jama'a, alhali yaro ƙarami ya san Shata?

Amsar tana cikin yadda girma ke zuwa wa makaɗi a ƙasar Hausa. Makaɗi na da ubangida. Narambaɗa na da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo na da fadar Maradun da sauran sarakuna, Aliyu Ɗandawo na da Argungu, ɗansa Sani Ɗandawo ya yi zamansa a Yawuri. Ubangida ke ba da doki da riga da gona, shi ke naɗa Sarkin Kiɗa, kuma ko makaɗi ya mutu, zuriyar wanda aka yi wa waƙar za ta ci gaba da sa ta, domin sunan kakansu na ciki. Wanda ba na fada ba ma yana da jama'arsa: Ɗan Anace na da 'yan dambe, Kassu Zurmi na da 'yan tauri da mafarauta, Barmani Coge na da mata. Har Gambo na Fagada, da ya yi wa ɓarayi waƙa, ya samu masu riƙe waƙoƙinsa da ka. Mai jita kuwa ubangidansa manajan otal ne, kuma manajan otal ba ya naɗa kowa sarauta. In kasuwa ta mutu ya kashe janareta ya sallami kowa. Ga kuma tambarin bariki. Wurin da ake kiɗan nan ana sayar da giya, saboda haka mutumin kirki ko ya je ya taka rawa daren Asabar, ba zai faɗa ba ranar Litinin.

Jami'o'i ma hanyar fada suka bi, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato adabi suke nazari, wato kalmomi: salo, jigo, zambo, habaici, kirari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum kan Narambaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata a 2006. Aiki ne babba. Sai dai gwanintar ɗan rok a yatsu take, kalmominsa kaɗan ne, rabinsu ma Turanci. Malamin Hausa ya ce wannan ba nasa ba ne, malamin Turanci ya ce ba adabi ba ne. Shata ya samu lambar MON da digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, Ɗan Maraya Jos ya samu nasa daga Jami'ar Jos, kuma sun cancanta ƙwarai. A Kudu jita ba ta hana Victor Uwaifo samun MON ba, har kwamishina ya yi a Jihar Edo, ba ta hana Sunny Ade samun MFR ba. A Arewa ne mai jita ya faɗa tsakanin kujeru.

Mutuwar kiɗan ba ta ɗauki lokaci ba. Bayan FESTAC na 1977 disko ya shigo, mai otal ya gane cewa mutum ɗaya mai sa faifai ya fi masa arha a kan makaɗa bakwai. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, shigo da kaya ya yi wuya, tsirkiyar jita ma sai an yi cigiya. Kaset ya zo da masu satar fasaha, manyan kamfanonin faifai na Turawa suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. Da finafinan Hausa suka kankama a Kano daga 1990, fiyano ta gama aikin: yaro ɗaya a situdiyo ya danna ya fitar da ganga da sarewa da jita duka. A yankinmu inda jita ta samu mafaka shi ne coci. Ka shiga sujada ranar Lahadi a Zuru za ka ji ana rera waƙar Hausa ko C'lela, wani saurayi a gefe yana bin ta da jita mai lantarki, lasifikarsa na kan benci an ɗaure wayarta da leda. Hannun na nan, sunan ne babu.

Nijar ta bi wata hanya dabam, kuma ya kamata mu dube ta da kyau. Tun 1987 gwamnati ta kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, ta kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai sunan Alhaji Taya. Wato hukuma ta yarda cewa mai jita ma ma'aikacin al'ada ne. A wannan yanayi ne Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗora waƙoƙin bori a kan kayan zamani, shi da Musa Pusi suka fitar da faifan Niamey Twice a 1994, kuma kasetsa ya ci kasuwa a Kano da Katsina da Sakkwato. Can arewa kuma Buzaye suka mayar da jita muryar tawaye. Kaset ɗin Abdallah Oumbadougou a ɓoye ake yawo da su lokacin tawayen farko, sai bayan sulhun 1995 ya fito fili, ya buɗe wa yara wuraren koyon kiɗa. Ya rasu a 2020. Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso a tawayen 2007, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a 2010, faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy. Tal National ta Yamai kuwa tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, wani kamfanin Ingila ya fitar mata da Kaani a 2013.

Cikin masu jitar Nijar, labarin da ya fi ci mini rai shi ne na Mdou Moctar. Wannan bahagon makaɗi da jaridun Amurka ke jerawa cikin gwanayen jita na wannan zamani, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a irin situdiyon da ake waƙoƙin fim, da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Waƙoƙin suka bi ta wayoyin hannu daga wannan zuwa wancan har Mali, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji, ya sa ɗaya cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, ya bi sawu har ya gano mai waƙar. Daga nan sai Afrique Victime a 2021, sai manyan dandamalin Turai da Amurka. Sakkwato ita ce hedikwatar jiharmu kafin a yanke Kebbi a 1991. Mutum ya fara a ƙofar gidanmu, sai da aka tafa masa a Amurka muka ji sunansa, wasunmu har yau ba su ji ba.

Tsofaffin makaɗan rok na Najeriya ma daga waje aka tono su. Kamfanin Soundway na Ingila ne ya fitar da tarin Nigeria Rock Special a 2008, da waƙar Elcados a ciki. A 2016 wani kamfanin Amurka ya fitar da Wake Up You!, fayafayai haɗe da littafi, wanda Uchenna Ikonne ya yi shekaru yana bin tsofaffin makaɗa kafin ya rubuta. Su Amurkawa suna da zauren karrama 'yan rok a birnin Cleveland. Tun 1986 suke shigar da mutane, sharaɗin shi ne a cika shekara 25 da fitar da faifan farko, kuma kowace shekara sai an yi ta cacar baki kan wanda aka manta. Fela Kuti ya shiga jerin 'yan takara a 2021 da 2022, 'yan Najeriya suka yi ta jefa masa ƙuri'a a intanet, aka tsallake shi duka biyun. Mun yi fushi. Amma su aƙalla suna da jerin da za a ce an tsallake wani. Mu jerin ma babu.

Na san abin da mutumin Sakaba zai ce: ana fama da 'yan bindiga, manomi bai iya zuwa gona, kai kana zancen jita. Gaskiyarsa. Sai dai abin da nake nema ba ya cin kuɗin tsaro. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, da ke aiki tun 1962, da tashoshin NTA na Kaduna da Jos, su duba ɗakunan ajiyarsu su juye abin da ya rage zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da shi. Arewa House ta buɗe wa wannan kiɗa kundi kamar yadda ta yi wa takardun siyasa. Sassan Hausa su bar ɗalibi ya yi kundin digiri kan Bala Miller ko Sa'adu Bori ba tare da an ce ya fita layi ba. Sarakuna ma sun nuna ƙofar na buɗuwa, tunda an naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙar Sarkin Kano a 2018, shi da fiyano ce kayan aikinsa. Jihar da ke shirya bikin kamun kifi na Argungu da bikin Uhola ba za ta rasa dare guda da za ta ware wa masu jita ba, na coci da na situdiyo da baƙi daga Nijar.

Wanda ya hau dandamali yana ɗan shekara 20 a 1973 yanzu ya haura 70. Duk mai niyyar ba su lambar yabo ko ɗaukar hirarsu, ya yi yanzu suna da rai.