Tsananin Haske da Oksijin Mai Ɓarna a Jikin Gansakuka

Da hasken rana gansakuka ke haɗa abincinta, amma in hasken ya zarce abin da za ta iya sarrafawa sai ya zame mata cuta. Kulorofil ba ya fasa kama haske don sashen haɗa sukari ya gaza. Rarar kuzarin kan faɗa wa iskar oksijin, ta rikiɗa ta zuwa nau'o'i masu lalata furotin da kitsen tantanin ƙwayar halitta.

Wuri biyu ake samun wannan a sashen kama haske: Fotosistem na II da na I. A Fotosistem na II, kulorofil da kuzari ya yi wa yawa kan miƙa shi ga oksijin, a sami singilet oksijin. A Fotosistem na I kuwa, ilektiron ne ke kufcewa ya haifar da sufa'oksaid, tafarkin da Alan Mehler ya gano a 1951. Wasu sinadarai na jikin gansakukar kan mayar da sufa'oksaid ɗin haidirojin feroksaid, daga nan ya koma ruwa.

An daɗe ana ɗaukar cewa oksijin ɗin ne ke farfasa Fotosistem na II kai tsaye. Binciken Yoshitaka Nishiyama da Norio Murata na Japan a kan gansakukar Synechocystis, wanda suka buga a 2001, ya nuna wata fuskar. Furotin D1 da ke tsakiyar wannan sashe kullum cikin lalacewa yake, kullum kuma ana ƙera sabo. Babbar illar oksijin mai ɓarna ita ce daƙile ƙerar sabon, sai ɓarna ta riƙa taruwa ba gyara. Shi ya sa zafi ko sanyi ko gishiri, da suke rage saurin gyaran, kan sa matsakaicin haske ma ya yi illa.

Gansakuka na da garkuwarta. A 2009 ɗakin binciken Krishna Niyogi a Amurka ya nuna cewa Chlamydomonas reinhardtii na dogara da furotin LHCSR3 wajen zubar da rarar kuzari a matsayin zafi. Dunaliella salina ta tafkunan gishiri kuwa tara sinadarin bita-karotin take yi har ta koma ja, don haka ake noma ta a Ostireliya.

Saboda haka, ƙarfin haske kaɗai ba ya isa a auna haɗari. Abin dubawa shi ne ko gyara na cim ma ɓarna, kuma wannan ne ma'aunin da ya kamata masu noman gansakuka su riƙe.