Dogon burodin Faransa a hannun mahautan Ƙonni

Matafiyin da ya karya kumallo a teburin mai shayi a Tambuwal ko Kebbe, burodi mai laushi da zaƙi zai samu, wanda aka gasa a cikin gwangwani. Idan ya nausa arewa, ya ƙetare Illela zuwa Birnin Ƙonni, sai ya tarar da wani iri dabam: dogo, siriri, mai ɓawo. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka shata iyakar da ta raba ƙasar Hausa, kuma kowane ɓangare ya gaji gashin Turawan da suka mulke shi.

A Faransa, wannan burodi da ake kira baget yana da doka. Wata doka ta 1993 ta ƙayyade cewa na gargajiya da garin alkama da ruwa da gishiri da yis ake kwaɓa shi, kuma a 2022 UNESCO ta sanya sana'ar gasa shi cikin gadon al'adun duniya. Bafaranshe kan yanka shi ne ya ci tare da miya ko cuku.

A Ƙonni da Maraɗi kuwa, ya zama mazubi. Mahauci ya tsaga shi biyu, ya zuba tsire ko balangu, ya barbaɗa yaji, ya ƙara albasa. Mai shayi ya cika shi da wainar ƙwai. Haka ya faru a sauran ƙasashen da Faransa ta mulka: a Dakar ana cusa masa dafaffen wake, a Biyetnam kuma ya zama banh mi, da nama da barkono da ganye. Ko'ina masu sayarwa a bakin titi ne suka sauya shi, domin ma'aikaci da ɗan dako suna bukatar abin da za a ci a tsaye.

Abin da ba su iya sauyawa ba shi ne tushen garin. Hausawa sun san alkama tun kafin zuwan Turawa, da ita ake alkaki da funkaso, amma noman rani ne kaɗan. Burodi ya mayar da ita abincin yau da kullum, kuma mafi yawanta ta jirgin ruwa take zuwa. Najeriya ta haramta shigo da alkama a 1987, daga baya ta janye. Shi ya sa har yau farashin karin kumallo a Tambuwal da Ƙonni yake bin farashin kuɗin waje.